TSIBIRIN RANI: ABIN DA KOGI YA BARI, NA WANE NE?

Duk wanda ya saba ƙetare gadar da ke kusa da Filin Wasa na Ahmadu Bello a Kaduna ya san cewa kogin nan fuska biyu gare shi. A watan Agusta da Satumba ruwa ne ja wur, cike fal daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana tafe da rassan itatuwa da ledoji da duk wani tarkacen da ya tsinta a hanya. Amma da zarar hunturu ya kama, sai ruwan ya fara ja da baya kaɗan-kaɗan, duwatsun da ke kwance a ƙarƙashinsa su fara leƙowa. Kafin watan Fabrairu kuwa, sai ka ga ƙasa ta fito a tsakiyar kogi, a daidai wurin da watanni biyar baya ko kwalekwale sai ya yi da gaske zai ratsa. Tun daga Rafin Guza da Malali, ka gangaro Unguwar Rimi da Kabala har zuwa Gamji, irin waɗannan tsibirai ne birjik: wani yashi ne zalla, wani tsakuwa ce mai sulɓi wadda ruwa ya goge mata kaifi, wani kuma falalen dutse ne da laka ta taru a bayansa har ciyawa ta tsiro. Wasu da ƙafa ake shiga, mutum ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa kawai. An ce a kan irin wannan yashi ne kadojin da garin ya samo sunansa daga gare su suke shan hantsi a zamanin da.

Yadda ƙasar take fitowa ba wani abin mamaki ba ne. Kogin ya taso ne daga tsaunukan Jos, kusa da Vom, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara. Idan ya cika yana da ƙarfin ɗaukar yashi da tsakuwa, idan ƙarfin ya ragu kuma sai ya sauke kayansa a inda gudunsa ya fi sanyi, wato a bayan dutse ko a cikin kwana. Saboda haka tsibirin bana ba lallai ne ya zama shi ne na bara ba. Yakan ƙaru, yakan ragu, yakan rabu biyu, wani lokaci ma a neme shi a rasa.

Mutanen bakin teku sun san irin wannan ƙasa fiye da mu, sai dai agogonsu ya fi namu sauri. A can wata ne yake jan ruwan teku, ya cika ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50. A arewa maso gabashin Ingila akwai tsibirin Lindisfarne, wanda hanyar shigarsa take nutsewa sau biyu a kowace rana, har sai da aka gina wani ɗan ɗaki a kan dogayen ƙafafu a tsakiyar hanyar domin wanda ruwa ya rutsa da shi ya hau ya jira ceto. Abin da teku ke yi musu sau biyu a rana, shi Kogin Kaduna ke yi mana sau ɗaya a shekara. Tambayar da ke gabanmu da su kuwa iri ɗaya ce: ƙasar da ruwa ya bari, alhali kowa ya san zai dawo ya karɓe ta, ta wane ne? Kuma mene ne ya wajaba a kan wanda ya taka ta?

Mu fara da tambaya ta farko, domin ita ce masana shari'a suka fi ɓata tawada a kanta. Dokokin Rumawa da aka tattara a zamanin Sarki Jastiniyan a shekarar 533 sun yanke cewa tsibirin da ya fito a tsakiyar kogi na masu gonakin gaɓa biyu ne, a raba musu, idan kuwa ya fi kusa da gaɓa ɗaya to na mutanen wannan gaɓar ne. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun yi magana mai tsawo a kan raya mataccen fili, da cewa wanda yake kusa da gari ba a raya shi sai da izinin shugaba, da kuma cewa rijiya da kogi suna da harabar da ba a toshe wa jama'a. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma littafi guda ya rubuta a kan hanyoyin da mutum yake keɓantuwa da irin wannan fili. A Nijeriyar yau kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, doka mai lamba 101 ta 1993 ta sa ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya, yashin da ake haƙa kuma ya faɗa cikin dokar ma'adinai ta 2007. Ka ga ke nan ɗan tsibiri guda wanda bai kai filin ƙwallo ba yana da iyaye uku a takarda.

To amma ruwa ba ya karanta takarda. Bayan guguwar da ta afka wa gaɓar Bengal a 1970, wani tsibirin laka ya ɓullo a bakin kogin da ya raba Indiya da Bangaladash. Indiya ta sa masa suna New Moore, Bangaladash ta kira shi Talpatti ta Kudu. Babu ko bukka a kansa, amma sai da Indiya ta tura jiragen ruwan soja ta kafa tuta a 1981. Aka yi ta jayayya shekara da shekaru. A watan Maris na 2010 masu bincike na wata jami'a a Kalkata suka sanar cewa tsibirin ya nutse baki ɗaya. Abin dariya ne, gaskiya, domin ba a rasa komai ba sai tuta. Wanda ba na dariya ba shi ne na Tafkin Chadi. Da tafkin ya janye bayan farin shekarun 1970 da 1980, masunta da manoma daga Nijeriya, cikinsu da Hausawa da yawa, suka yi ta bin ruwan suna kafa ƙauyuka a kan ƙasar da ya bari, har suka kafa Darak, ba tare da sun damu da cewa sun ƙetare wani layi da Turawa suka zana ba. Ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta yanke cewa yankin na Kamaru ne, a watan Disamba 2003 kuma Nijeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30. Mutumin da ya share daji, ya kafa rumfa, ya haifi 'ya'ya a wurin, ya wayi gari baƙo.

A ganina waɗannan misalai suna nuna cewa tambayar "na wane ne?" ba ta isa ba. Tana da amfani a gaban alƙali, amma ba ta gaya wa mutum yadda zai zauna da abin da ba ya zama. Don haka gara mu koma ga harshenmu, domin Bahaushe ya rarrabe hanyoyin riƙe abu da kyau ƙwarai. Akwai gado, akwai saye, akwai kyauta, waɗannan duk mallaka ne. Akwai rance, wanda ake cinye shi a biya da kwatankwacinsa, kamar mudun gero ko kuɗi. Akwai tsintuwa, wadda mai ita bai san inda ta faɗi ba. Sannan akwai aro, wanda ake mayar da shi kansa abin, ba madadinsa ba, kuma a mayar da shi lafiya. Ba a ranta wa mutum fartanya, ara masa ake yi. Idan muka ɗora tsibirin rani a kan wannan ma'auni, babu inda ya dace sai aro. Mai shi yana nan, an san shi, an san lokacin zuwansa, kuma ba ya karɓar uzuri.

Wanda ya fi kowa fahimtar haka shi ne mai noman rani. Ka lura da abin da yake shukawa a kan lakar da ruwa ya bari: alayyafo, latas, yakuwa, kuɓewa, tumatir, wani lokaci masara. Duk abubuwa ne da ake cin moriyarsu cikin wata ɗaya zuwa uku. Ba za ka taɓa ganin ya dasa mangwaro ko gwaiba a nan ba. Rumfarsa ta kara ce da tsohon buhu, injin ban-ruwansa kuma wanda za a iya saɓawa a kafaɗa ne. Kalandarsa a sama take, idan ya ga shamuwa ta iso, iska ta juyo daga kudu, ya san an fara yi masa sallama. Ba ya fushi da kogi ranar da ya hau kan kwamin alayyafonsa, domin tun ranar da ya sa fartanya ya san da wannan sharaɗi, kuma ya san lakar da za ta ciyar da shi baɗi wannan ambaliyar ce za ta kawo ta. Masunci ma haka, mai wanki da ke shanya tufafi a kan dutse ma haka, Bafillatanin da ke gangaro da shanu su sha ruwa ma haka. Kowannensu yana amfani da wurin gwargwadon wa'adinsa.

Ba ina cewa waɗannan bayin Allah waliyyai ba ne. Suna faɗa a kan iyaka, suna zuba maganin ƙwari fiye da kima, wasu ma da ruwan kwata suke ban-ruwa. Abin da nake nufi shi ne ba sa yi wa kansu ƙarya game da abin da ke hannunsu. Ɓarna mai girma tana farawa ne daga lokacin da aka sauya wa aro suna, kuma hanyoyi biyu ake bi wajen sauya masa.

Hanya ta farko ita ce a mai da aro gado. Kogi ba tsakiyarsa kaɗai yake bari da rani ba, yana barin fadamar da ke gefensa, wadda ba kowace shekara yake hawa ba. Yakan yi shekara biyar ko goma bai leƙa ta ba, sai mutane su ce ya manta. Daga nan sai a ja igiya, a kafa turaku, a yanka fuloti, a sayar a watan Maris lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau. Mai saye ya zo ya ga fili shimfiɗe kusa da gari, ga arha, ya tattara abin da ya tara shekara ashirin, ko kuɗin sallamarsa daga aiki, ya zuba bulo da siminti. A watan Satumba na 2003 kogin ya tuna, ya shiga gidaje a sassa da dama na Kaduna, dubban mutane suka rasa matsuguni. Ya sake dawowa a 2012. Unguwannin da ake ambata duk lokacin da aka yi irin wannan ba baƙi ba ne ga kunnen mutumin Kaduna: ƙarshen titin Kigo, gangaren Unguwar Rimi, Rafin Guza, Kabala. Shi ya sa dattawa ke cewa in za ka sayi fili ko ka kama haya, ka je da damina.

A nan ne nake ganin ainihin tambayar ɗabi'a take. Idan ruwa ya ci gida, abin da muka saba ji shi ne "ƙaddara ce", kuma babu mai musun ƙaddara. Sai dai akwai wanda ya san tarihin wurin kafin a sayar. Akwai wanda ya taɓa kama tarwaɗa a daidai inda aka sa gadon yara. Akwai wanda ya sa hannu a takardar shaida, akwai wanda ya ci la'ada, akwai wanda aikinsa ne ya hana amma ya kau da kai. Shi mai saye jahilcinsa ya saya, su kuma saninsu suka ɓoye. Ciniki irin wannan ko da an cika masa dukkan sharuɗɗa na takarda, a wurina ha'inci ne, bai da bambanci da sayar da saniya mai ciwo a ɓoye ciwon, sai ma dai ya fi muni, domin saniya ba ta kashe mai ita cikin dare.

Wani abu da ya faru a Ingila ya ƙara fito mini da wannan fili. A gaɓar Morecambe teku kan janye ta bar yashi mai faɗin gaske, kuma idan ta juyo tana shigowa da saurin da mutum ba zai tsere mata a guje ba. Saboda haɗarin wurin, ɗaruruwan shekaru ke nan masarautar ƙasar tana naɗa jagora na musamman mai ratsawa da mutane, kamar dai Sarkin Ruwa a wurinmu. Cedric Robinson ya riƙe wannan muƙami daga 1963 zuwa 2019 a kan albashin fam 15 a shekara. To a wannan yashin ne, a daren 5 ga Fabrairu 2004, wani ɗan kwangila ya tura leburori 'yan ƙasar Sin su tono wani irin ƙwanso da ake ci, mutanen da ba su san wurin ba, ba su jin harshen ƙasar sosai. Ruwa ya zagaye su cikin duhu, aƙalla 21 suka mutu. Kotu ba ta ce laifin teku ba ne. A 2006 ta ɗaure wanda ya tura su shekara 14. Wuri ɗaya, ruwa ɗaya, amma wani ya mai da sanin lokacin ruwa hidima, wani kuma ya tura mutane ba tare da ya damu da lokacin ba. Sanin ranar da mai aro zai zo amana ce a wuyan wanda ya sani, ko da kuwa babu dokar da ta tilasta masa ya faɗa.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce: Malam, kai da kake da ɗaki a kan tudu, ina kake so talaka ya je? Kuɗin fili a Malali ko Unguwar Rimi ta sama ya fi ƙarfin ma'aikaci balle lebura. Mutane da yawa da ke kwana a bakin ruwa ba yaudararsu aka yi ba, sun sani sarai, sun auna ne tsakanin ambaliyar da za ta zo wata shekara da mai gidan haya da zai zo ƙarshen wata, suka zaɓi wadda ta fi nisa. Wannan gaskiya ce, kuma ban ga dalilin zargin irin wannan mutum ba. Shi ma aro ya ɗauka yana sane, irin na mai lambu, sai dai nasa da iyali a ciki. Abin da ya rage a tambaya shi ne wane ne ya ƙuntata masa zaɓi har ya zama babu abin da ya rage masa sai gadon kogi. Haka nan ba talaka kaɗai ke gini a fadama ba. Akwai mai hali da zai cike wurin da jar ƙasa tifa ɗari, ya ɗaga harsashi, ya ja katanga mai tsawo. Gidansa ya tsira, amma ruwan da ya kamata ya kwanta a nan bai ɓace ba, ya juya ne ya shiga ɗakin maƙwabcin da ba shi da kuɗin ciko. Idan kuma ranar rusau ta zo, kowa ya san bangon da katafila ta fi saurin gani. Duk dokar da za ta kori mutane daga bakin kogi ba tare da ta nuna musu inda za su sa haƙarƙarinsu ba, rabin adalci ce.

Hanya ta biyu ta sauya wa aro suna ita ce a mai da shi tsintuwa, a ce ai ba na kowa ba ne. Wannan ita ce hanyar mai juye shara a gaɓa da dare, yana cewa damina za ta tafi da ita, kamar dai Zungeru da Wuya ba mutane ne ke zaune a can ba. Ita ce kuma hanyar haƙar yashi ba ƙaƙƙautawa. A nan ma sai an yi hattara da saurin yanke hukunci, domin babu gidan siminti a Kaduna da ba yashin kogi a jikinsa, har da masallatai da coci-coci da ɗakunan da muke taron marubuta. Samarin da ke nutso da bokiti suna cika kwalekwale, da masu loda tifa da shebur, guminsu suke ci, kuma aikin ya fi zaman banza nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, kogi yana kawo sabon yashi kowace damina, saboda haka ɗiba kaɗai ba laifi ba ce. Laifin yana cikin gwargwado. Idan aka ɗebi fiye da abin da ruwa zai iya mayarwa, gindin kogi yana zurfafa, gaɓa tana zaftarewa ta ci gonar wani, ƙafafun gada suna tonuwa, sannan a bar ramuka masu zurfi a inda yara suka saba wanka ruwa iya cinya. Yaron da ya taka irin wannan rami bai san an sauya masa kogin da ya sani ba. Wanda ya ari fartanya yana da damar ya yi noma da ita har bakinta ya ɗan ci, amma ba shi da damar ya cire ƙotar ya hura wuta.

Akwai wata hujja da ta fi waɗannan zurfi, wadda ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Za a iya cewa sanin abu ba mai ɗorewa ba ne shi ke sa a wulaƙanta shi. Dubi yadda ɗan haya ke yi wa gidan haya, ko yadda ake yi wa motar gwamnati. Bahaushe da kansa bai yabi aro ba, ya ce zanen aro ba ya rufe katara. In haka ne, ashe mallaka ce ke koya wa mutum tattali, aro kuwa sakaci yake koyarwa, kuma duk abin da na faɗa a baya ya rushe.

Amsar da na samu ita ce, ba gajartar wa'adi ke kawo sakaci ba, rashin niyyar dawowa ne. Ɗan hayan da ke lalata gida shi ne wanda ya san in ya fita ba zai sake haɗa ido da mai gidan ba. Mai lambun tsibiri kuwa zai dawo baɗi, ɗansa ma zai dawo, saboda haka ba zai zuba fasassun kwalabe a inda zai taka da ƙafarsa ba. Aronsa mai maimaituwa ne, kamar na maƙwabta biyu da suka shekara talatin suna musayar turmi da tsani. A irin wannan aro mutunci ne jari, wanda ya mayar da abu a karye ya rufe wa kansa ƙofa. Dillalin da ya sayar da fadama ba zai kwana a cikinta ba. Mai tifa ba 'ya'yansa ne ke wanka a ramin ba. Da mai cewa "nawa ne har abada" da mai cewa "ba na kowa ba ne", duk da maganarsu ta yi hannun riga, abu ɗaya ya haɗa su, wato kowannensu ya shirya yadda ba zai kasance a wurin ba ranar da ruwa zai zo karɓar kayansa. Mallaka ma ba ta hana ɓarna idan mai ita yana da wurin gudu.

Bari in ɗan ratse kaɗan, domin ba zai yiwu a yi maganar wannan kogi a yi shiru a kan abin da muka mai da shi ba. Tun bayan rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002, mutane suka yi ta ƙaura, Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, Kirista a kudancinsa, har ruwan ya zama kamar iyakar ƙasa biyu. Da dokar Rumawa za a bi, sai a ja layi a tsakiyar kowane tsibiri a ce wannan rabi na Kabala ne, wancan na Barnawa. Amma wanda ya sauka wurin da rani zai ga abin da ba a gani daga kan gada. Mai kwalekwale ba ya tambayar sunan fasinja kafin ya karɓi kuɗinsa, kifin da aka kama ana sayar da shi a gaɓa biyu, alayyafon da aka yanka a nan kuma babu wanda ya san tukunyar da zai ƙare a ciki. Ban ce wannan zai warkar da abin da ya faru ba, ciwon ya fi haka zurfi. Na dai lura cewa wurin da babu mai iya kafa masa katanga shi ne wurin da ya rage ana cuɗanya ba tare da an kira taron sulhu ba. Garin ma kansa ai ba tsoho ba ne. Gbagyi ne a wurin kafin Gwamna Lugga ya dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917, har gadar ƙarfen da aka kafa a Zungeru a 1904 aka kwance aka kawo ta Gamji. Mafi yawanmu, ta kowace gaɓa, kakanninmu jirgin ƙasa ne ko aikin soja ko masaƙa ta kawo su.

Wannan ya kawo ni kanmu, mu masu riƙe alƙalami. Littattafanmu na hikaya cike suke da falo da kujerun alfarma da motoci masu sanyi, jarumi ya tashi daga Unguwar Rimi ya sauka a Landan cikin shafi ɗaya, amma da wuya ka ga an sauko da shi gangaren da ke bayan gidansu, inda wata tsohuwa ke ɗaure kayanta a rufin ɗaki duk watan Agusta. Ga labari kwance a nan wanda bai buƙaci aljani ko gadon miliyoyi ba: mai unguwar da ya san wurin amma ya sa hannu, malamin makarantar da ya sayi fuloti da kuɗin fanshonsa, yaron tifa da ƙaninsa ya faɗa ramin da shi ya haƙa. Kowannensu yana da hujjar da zai kare kansa, kuma marubucin kirki shi ne wanda zai bar shi ya faɗi hujjar tasa har ƙarshe kafin ruwa ya iso. Ina roƙon matasanmu masu tasowa, kafin ku rubuta kogi ku je ku gan shi, ku tambayi masunta sunan kowane gurbi da kowane dutse, domin suna da sunaye, kuma ba a taswira suke ba.

Wanda zai je, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Janairu zuwa Maris, da sassafe ko bayan la'asar. Kada ya tafi shi kaɗai, kada kuma ya shiga ruwa a inda ya ga alamar an ɗebi yashi, ya bi sawun masu lambu, ya yi musu sallama, ya nemi izini kafin ya ratsa kwami. Duwatsun da ke da gansakuka suna da santsi fiye da yadda ido ke nunawa. Daga ƙarshen Afrilu kuwa sai a kiyaye, ko da sararin Kaduna fes yake babu ɗigon hadari, domin ruwan da aka tafka a tsaunukan Jos ko a kudancin jihar yana iya isowa bayan kwana ɗaya ko biyu. Masu lambu sukan kafa kara a bakin ruwa su yi masa tsaga, in sun dawo da safe suka tarar tsagar ta nutse, a ranar suke kwance inji su fita da shi.